Dubiyar Baba Denis

Al Satwa, Dubai,
14 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga matata Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Ummi Kulsum da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuma haƙurin rashina, in ma ana yin sa? Ni dai lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da kewar miyarki.

Ke kika ce kin gaji da saƙon murya, wai ina magana ina hamma, in dinga rubuto miki takarda irin ta mutanen da. To ga ta nan. Hajiya Wasila mai sarin abaya a Kwari ce za ta kawo miki, ki tare ta da ruwan sanyi don ta yarda ta ɗauko ta gaba.

Kamfanin jinya ya canza mini wurin aiki. Yanzu a gidan wani tsohon Bature ɗan Ingila suka ajiye ni, cikin tsofaffin gidajen da ke bayan Satwa. Sunansa Mista Denis Farrow, amma ni Baba Denis nake ce masa, tun yana harara ta har ya gaji ya fara amsawa. Ya kusa shekara saba'in. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana Ingila, shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye watannin baya. Bakin ya dawo, har ya fi yadda ake so. Hannun ma ya fara motsi, ƙafar ce ke gardama. Aikina wanka da magani da abinci da koya masa tafiya. A gidan nake kwana, ranar Juma'a kaɗai nake fita.

Gidan ne abin ba da labari. Mahfuza, ban da ƙofar waje babu ƙyaure ko ɗaya a cikinsa, duk an ciccire. Har banɗaki labule ne kawai. Ranar da na zo na ce ko in nemo kafinta ya mayar da su, sai ya ce duk ranar da na kawo kafinta in haɗa kayana mu fita tare. Ƙofar wajen ma bai yarda a kulle ta ba sai in makullin yana aljihun rigarsa. Ya kuma kafa mini doka: in yana barci kada in kuskura in taɓa shi, in tsaya daga nesa in kira sunansa har ya buɗe ido. Na ce to, ai kowane tsoho da irin rigimarsa, ke ma kin san Inna da rediyonta.

Sai da na fara yi masa wanka na daina ɗaukar abin rigima. A wuyan hannayensa biyu akwai tsohon tabo da ya zagaye su kamar awarwaro, bayansa kuma duk shatar duka ce da ta daɗe da warkewa. Na yi aiki a sashen haɗari na asibiti, na san tabon mota, na san na wuta. Wannan hannun mutum ne ya yi shi. Ban tambaye shi ba. Shi ne da ya ga na tsaya da soso a hannu ya ce in ci gaba da aikina, wai tsohon sojan sama ne, an taɓa kama shi a yaƙi, kuma ruwan yana hucewa.

Mutum ne mai taurin kai, amma hakan na yi mana amfani. In na ce ya taka zuwa bakin falo mu huta, sai ya ce sai ya kai kicin. Ya faɗi a hannuna, ya zage ni, ya zagi ƙafar, sannan ya ce mu sake. Ina jin za mu shirya.

Ki shafa mini kan Ummi, ki ce na ji labarin haƙorin da ya fita. Ki gaishe da surukaina, Abba da Umma. In Hajiya Wasila za ta dawo, ki ba ta yaji da daddawa, kada ki yi mini rowar da kika yi wancan karon.

Naki har kullum,
Bashar.

Al Satwa, Dubai,
3 ga Oktoba, 2025.

Mahfuza tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya gida, yaya Ummi da makaranta? Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Takardarki ta iso tare da yajin, na gode, wannan karon kin saki hannu.

Kin ce Abba ya yi tambaya, wai ta yaya zan dinga wanke mutumin da ya jefa wa Musulmi bam. Ban ji haushi ba, don ni ma tambayar ta kwana a raina. Bari in ba ki labarinsa yadda na tsinto shi guntu-guntu, galibi lokacin da nake masa tausa.

Ɗan masunci ne daga wani gari a bakin teku. Ya shiga sojan sama yana saurayi, ya zama hafsa mai tuƙa jirgin yaƙi. A yaƙin da aka yi kan Kuwaiti a 1991 aka harbo jirginsa a hamadar Iraƙi, ya sauko da laima, sojoji suka kama shi. Wajen wata ɗaya da rabi ya yi a kulle, yawanci idonsa a ɗaure da ƙyalle. Ya ce abin da aka koya musu shi ne in an kama soja abu huɗu kawai zai faɗa: sunansa, muƙaminsa, lambarsa da ranar haihuwarsa. Su ya yi ta maimaitawa ana dukansa. Daga baya suka zaunar da shi gaban kyamara da kumburarriyar fuska, aka nuna shi a talabijin. Ya ce dukan bai kai wannan ciwo ba.

Na gaya masa a cikin wannan yaƙin aka haife ni, kuma saura ƙiris mahaifina ya raɗa mini Saddam, kamar yadda aka yi wa yara da yawa a unguwarmu, sai kakata ta hana. Mahfuza, dariya ya yi har da tari. Ya ce to ga shi Allah ya kawo shi hannuna, in rama musu a hankali. Ganin ya sake, na tambaye shi ko ya san waɗanda bam ɗinsa ya faɗa wa. Ya ce filin jirgi aka tura shi, amma ba zai ce mini babu mutane a wurin ba, kuma ba ya neman in wanke shi daga komai sai dauɗar jiki. Ki gaya wa Abba, cikin ladabi, iyakar abin da na sani ke nan. Hukunci na Allah ne, ni jinya aka ba ni.

Yanzu ga abin da ke damunmu. 'Yarsa Fiona ta samo masa wuri a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita a Ingila. Ta turo hotuna, wuri mai kyau da furanni, amma ƙofar sashen da za a sa shi a rufe take, sai ma'aikaci ya danna lambobi take buɗewa. Da ya ga wannan ya ture wayar. Ya ce an kulle shi sau ɗaya a rayuwa, ya isa. Ita kuma hujjarta ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: ba shi da kowa a Dubai. Abokansa sun koma gida ko sun mutu. Tun da na zo, ban da mai kawo ruwa ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan. Ƙarshen watan nan za ta zo a yanke magana.

Sai ga wani ikon Allah. Bayan ya bar soja jirgin kaya ya koma tuƙawa, shekara da shekaru yana jigila tsakanin Sharja da Kano, har ya iya cewa sannu da aiki, kuma ya san kilishi. Ranar Juma'a na je unguwar Port Saeed ta nan Dubai wurin Alhaji Mijinyawa, dattijon nan abokin marigayi Baba mai ofishin tura kaya a bakin ruwa, na ambaci sunan. Ya dire kofin shayi ya ce, "Denis? Baturen kago, mai jirgin kaya? La ilaha illallahu, ai habibina ne, masoyina! Yana garin nan kwance ba mu sani ba?" Ashe Baba Denis ya taɓa ɗauko wani ɗan kasuwarmu da ciwo ya kayar a nan, ya kai shi Kano ya cika a gaban 'ya'yansa. Tsofaffin 'yan kago duk sun san zancen.

Alhaji ya ce, "Khalas, shi ke nan, Likita, dubiya ta zama dole. Ka sa rana kawai." Ni kuwa dabara ta faɗo mini. Zan sa ranar ta dace da zuwan Fiona, ta shigo ta tarar da falo cike da mutanen ubanta, mu ga bakin da za ta ce ba shi da kowa. Shi ma Baba Denis ban gaya masa ba, so nake ya ga abin farin ciki ba zato. Kin sha cewa ba ni da wayo, to ki saurari labari.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Mijinki,
Bashar.

Al Satwa, Dubai,
26 ga Oktoba, 2025.

Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Ummi da Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ba daɗi. Na tafka ɓarna, kuma da hannuna.

Fiona ta sauka ranar Alhamis. Mace ce mai kirki, ba yadda na zana ta a raina ba, sai dai a gajiye take. Ranar Juma'a da rana ta fita sayo masa magani. Baba Denis ya ci abinci ya kwanta barcin rana. Ana saukowa daga masallaci su Alhaji Mijinyawa suka iso, mota biyu cike, manyan riguna da turare, da kwalin dabino da lemo da kilishin da wani ya taho da shi daga gida. Na ji daɗi har cikin raina. Na zaunar da su a falo na ce su ɗan jira ya farka, na shiga kicin in haɗo musu ruwa da shayi, don ba a bar baƙi haka ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne gidan ba ƙyaure. Daga inda Alhaji yake zaune yana hango shi a kan gado. Ke kin san dubiyarmu, wa yake zama a falo alhali ga majinyaci can? Ina jin ya ce, "Yalla, mu yi masa addu'a, ba sai an tashe shi ba." Kafin in ajiye buta sun shige gaba ɗaya sun zagaye gadon. Alhaji ya ɗora masa hannu a goshi ya ɗaga murya da addu'a cikin Larabci, sauran suna amsawa. Wani kuma, don iyalan mutumin nan da Baba Denis ya taɓa kaiwa Kano su gani, ya ɗaga waya saitin fuskarsa yana ɗauka, har da fitila a kunne.

Haka ya buɗe ido ya gani: maza tsaye a kansa, Larabci, hannu a goshinsa, haske da kyamara a fuskarsa.

Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Mutumin da sai na tallafe shi yake tashi, shi kaɗai ya miƙe zaune, ya mayar da hannunsa mai lafiya baya kamar an ɗaure, ya sunkuyar da kai. Sai ya fara faɗin sunansa, muƙaminsa, lambarsa, ranar haihuwarsa. Ya kai ƙarshe ya sake daga farko, da wata murya da ban san shi da ita ba. Alhaji bai gane ba, ya ɗauka gaisuwa ce, yana ta cewa, "Ni ne Mijinyawa, habibi, Mijinyawa na Kano!" yana ƙara riƙe masa kafaɗa. Na kutsa ina cewa su fita, su fita. A nan na ga zanin gadon ya jiƙe.

Ina juyowa na ga Fiona a bakin ɗakin da ledar magani a hannu. Yadda na so ta tarar da gidan cike, haka ta tarar da shi.

Su Alhaji sun fita sumui-sumui, wasu ko takalmi a hannu suka ɗauka. A waje dattijon nan ya kama hannuna yana hawaye, yana tambayata me suka yi. Alhali ba su yi komai ba sai abin da iyayenmu suka koya mana. Ni na san dokar mutumin nan, ni ya nuna wa bayansa, kuma ni na tafi dafa shayi.

Tun ranar bai yarda da ni ba. In na kawo abinci sai ya kau da kai, in na yi magana sai ya fara jero abubuwan nan huɗu. Fiona ce ke ba shi a baki. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata kamfani ba, cewa kawai ta yi yanzu na ga dalilinta. Ta kira likitar ƙwaƙwalwa, za ta zo ta duba shi. In likitar ta rubuta cewa hankalinsa ya gushe, shi ke nan, Fiona ce mai yanke masa hukunci, kuma ƙofar nan mai lambobi ce makomarsa.

Ki sa Inna ta yi masa addu'a, ko da ba ta san shi ba. Ni ma ki sa ni a ciki.

Naki,
Bashar.

Al Satwa, Dubai,
9 ga Nuwamba, 2025.

Matata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ku, yaya sanyin da aka ce ya fara? Na ji saƙonki, na gode da ba ki ce ai kin faɗa ba, ko da yake na jiyo shi a muryarki. Yau da labari mai daɗi na zo.

Ya dawo. Wata safiya ina goge ƙasa a falo, nesa da shi yadda na koma yi, sai na ji ya ce Bashar, wannan shayin da yarinyar nan ke haɗawa ruwan wanki ne, in taimake shi. Na ajiye tsumma na shiga kicin, na yi kukana a can, sannan na kawo masa.

Da ya sha ya ce in gaya masa abin da ya faru, kada in rage. Na faɗa masa duka, har da dabarata. Ya tambaye ni su wane ne, na lissafa masa. Da na zo kan Alhaji Mijinyawa ya ce, wannan mai surutun yana nan da rai? Sai ya tambayi me ya kawo su. Na ce dubiya, haka muke yi, in mutum ya kwanta ba a barinsa shi kaɗai. Ya ce lokacin da aka sako shi ya koma garinsu, an yi kiɗa an yi tuta, bayan nan maƙwabta suka dinga tsallake titi in sun hango shi, don ba su san me za su ce masa ba. Ya ce in gaya musu su dawo, amma ɗaya-ɗaya, yana farke, su zauna inda zai ga hannuwansu, kuma a bar waya a aljihu.

Alhaji ne ya fara zuwa. Ki ga dattijo da babbar riga ya rakuɓe a bakin ɗaki, hannu biyu a kan gwiwa kamar ɗan makaranta, yana magana ƙasa-ƙasa, "Shwayya shwayya, a hankali, Kyaftin, ni kaɗai ne." Baba Denis ya ce shi ba kyaftin ba ne, shekara ashirin yana gaya masa. Nan suka ɓarke da hirar kwantena da kwastan da mutanen da suka mutu. Yanzu kusan kullum da la'asar akwai mai zuwa, sun tsara abinsu a ofis.

Likitar ta zo, wata Ba'indiya mai natsuwa. Ta daɗe da shi, ta yi masa tambayoyi iri-iri, ya amsa har yana gyara mata. Ta ce hankalinsa garau yake, abin da ya faru tsohon rauni ne aka fama, ba ruɗewar tsufa ba. Ba mai ikon ɗauke shi daga gidansa sai da yardarsa. Mahfuza, ya ci! Ya dube ni ya kashe mini ido ɗaya. Ni kuwa ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka.

Abu ɗaya ne ya rage mini daɗin. Bayan likitar ta tafi na tarar da Fiona a kicin tana wanke kofin da yake a wanke. Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce tana 'yar shekara takwas aka nuna shi a talabijin. Uwarta ta aike ta gidan maƙwabta don kada ta gani, ashe su ma sun kunna. Ta ga fuskar, ba ta gane shi ba sai da ya buɗe baki. Ta ce ranar Juma'ar nan da ta tsaya a bakin ɗaki, muryar nan ta sake ji. Tun da ya kwanta ciwo ba ta yi barcin kirki ba, waya a ƙarƙashin matashi take kwana, tana jiran a kira ta daga Dubai. Tana da 'ya'ya biyu da aiki, ba za ta iya dawowa nan ba, shi kuma ba zai je can ba. Ta ce ta haƙura, za ta koma ita kaɗai.

Kin tuna na ce miki gidan ba ƙyaure. Da na fito da tire na ga idonsa biyu, yana kallon silin. Ashe duk ya ji.

Ki gaishe da Abba, ki ce na gode da addu'ar da kika ce ya yi. Ban zata ba.

Naki na kullum,
Bashar.

Al Satwa, Dubai,
28 ga Nuwamba, 2025.

Mahfuza tawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Ummi Kulsum, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Daga ɗakinmu na Satwa nake rubuto miki, na dawo cikin samarin da muke haya tare da hayaniyar telolin da ke ƙasan benen. Baba Denis ya tafi.

Ana saura 'yan kwanaki Fiona ta koma, ya ce in kai shi Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman, wai yana son ganin sarari. Alhaji ya ba mu mota da direba. Muka zauna a bakin dam, ruwa kore shar, duwatsu sun kewaye shi, Fiona ta tafi nemo mana abin sha. A nan ya gaya mini zai bi ta.

Na yi ta maza na ce ai likita ta ba shi gaskiya, ga mutane yana samu, ga ƙafa tana dawowa, ni kuma ina nan. Har na ce in saboda abin da na jawo ne, ya bari in gyara. Ya ce in daina ba kaina girma, ba ni na harbo jirginsa ba. Ya ce shekara talatin da wani abu yana ganin shi kaɗai aka kama a yaƙin nan, sai a kicin ɗinsa ya ji ashe har da wata 'yar shekara takwas, kuma ita har yau ba a sako ta ba. Na tuna masa ƙofar. Ya ce ya sani, ya fi ni sanin ƙofar. Amma wancan karon ɗaukarsa aka yi aka jefa a mota, wannan kuwa da ƙafarsa zai shiga.

Raina ya ɓaci, kuma na ji girmansa ya cika mini ido, duka a lokaci ɗaya.

Ranar tafiya 'yan Port Saeed suka rufe ofis suka yi masa rakiya filin jirgi. Sun koyi darasi, can nesa suka tsaya jikin gilashi, kowa hannu a bayyane. Shi ya yafito su. Ya ce wa Alhaji akwai addu'ar da ya katse masa rannan, ya ƙarasa ta. Alhaji ya dube ni, na gyaɗa kai. Suka matso suka zagaye keken guragun da yake kai, aka ɗaga hannu. Larabcin na farawa ya damƙe wuyan hannuna, har yanzu da shatar farcensa. Gumi ya keto masa, na ji ya fara faɗin sunansa a hankali, sai ya tsaya a nan bai ci gaba ba. Idonsa a buɗe har aka shafa. Alhaji kuwa ya taƙaita, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Da aka zo shiga ya ce a ba shi sandarsa. Ma'aikacin filin jirgi yana biye da keke, shi yana jan ƙafa, Fiona a gefensa na hagu inda na nuna mata ta dinga tsayawa. Tafiyar da ba ta fi tsawon tsakar gidanmu ba ta ɗauke shi lokaci mai tsawo, ba wanda ya motsa a cikinmu. Bai waiwayo ba. Ita ce ta waiwayo ta ɗaga mana hannu. Alhaji ya share fuska da hannun riga ya ce, "Yalla, khalas, mu tafi," amma shi ne na ƙarshen barin wurin.

Kamfani ya ce sati mai zuwa za su kai ni wurin wani tsoho Balarabe mai ciwon sukari. Na ce to.

Shekaranjiya saƙon Fiona ya shigo ina cikin bas. Ta ce sun isa, ya huta kwana biyu a gidanta ya ga jikokinsa, sannan suka tafi. A bakin sashen ya sa aka tsayar da keken, ya karɓi sanda. Ma'aikaciya ta danna lambobin, ya shiga, ƙofar ta rufe a bayansa da ƙara. Ta ce ta ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya tsaya cak, har ta yunƙura za ta ce a buɗe su koma gida. Sai ya juyo ya dube ta ta gilashin ƙofar, ya ce mata ta je gida ta kashe wayarta ta yi barci.

Ta ce ta yi, har rana ta fito ba ta sani ba. Shi ne ban sani ba ko ya runtsa, kuma ban iya tambayarta ba.

Ki rungume mini Ummi sosai. Ki gaishe da Inna da su Abba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Bashar.